Shekarar da Babanku Ya Shanya Iri

Da sunan Allah nake buɗe wannan babi, kuma shi ne wanda na fi so ku karanta a zaune, ba a tsaye kuna latsa waya ba. Maganar gonar Naki ce. Ya dawo kunnena cewa wasunku suna faɗa wa matansu wai ni na zuga Babanku ya sa gonar a hannun Safiya, don ita ce auta kuma 'yar lele. Wasu kuma in an taru da salla ba su da abin dariya sai su ce Baba ya taɓa gasa iri kamar kilishi. Na biyun gaskiya ne, ya gasa, ni ma na yi dariyar har na gaji. Na farkon kuwa ƙarya ce tsagwaronta. Tunda shi ya riga mu gidan gaskiya, ba zai tashi ya kare kansa ba, ni da na rage zan faɗa muku yadda aka yi.

Gonar nan ba tamu ba ce, kuma ba ta taɓa zama tamu ba. Aro ce. Kakanku, mahaifin Malam Babanku, mahauci ne mai fataucin shanu, kuma a hanyarsa ta zuwa Dapaong yakan sauka a Naki gidan wani Bamobe, ɗan ƙabilar yankin, mai suna Lamboni, wanda lokacin saurayi ne. Abota ta yi ƙarfi har Lamboni ya yanka masa gona kusa da gidansa, babu takarda, babu shaida sai bishiyar tsamiya. Sharaɗi ɗaya ne tak. Duk kaka Lamboni zai aiko da kwandonsa, wani ƙaton kwando mai baki kamar na rijiya, mu cika shi da masarar farko kafin kowa a gidanmu ya sa ta a baki, mu ɗora cinyar rago a kai, mu kai masa. Masarar kuma dole ta gonar ce, ba ta kasuwa ba. Abin da yake yi da ita tsakaninsa ne da kakanninsa, mu ba mu taɓa tambaya ba. Muddin kwando yana cika, aro yana nan.

Babanku kuwa, Allah ya jiƙansa, bai san gaban fartanya da bayanta ba. Mahauci ne ɗan mahauta, kuma a duk Dapaong har Sinkase babu wanda ya kai shi kilishi. Don haka da aka kawo ni daga Sokode, surukata ce ta kama hannuna ta kai ni gonar ta ce, ga abincin 'ya'yanki. Da masarar nan na yi kokon da na sayar a bakin tasha tun ina da ƙarfin ɗaukar tukunya ni kaɗai, da kokon nan kuka yi lakwal, wato makarantar boko, har wanda yanzu yake sa takalmi mai ƙara yana mini maganar gado.

Sai ƙasa ta fara gajiya. Kowace shekara in ƙara takin zamani, kowace shekara masarar ta ƙara tsumburewa. Wuta-wuta ta cika gonar da jan furenta, ƙasar ta yi fari ta daskare, in an yi ruwa sai ya bi ta kai ya wuce. A kakar da ta gabaci shekarar da nake ba ku labari, sai da na tsince gonar kaf kafin kwando ya kai baki, kuma abin da ke ciki kamar yatsun jariri. Lamboni ya tsufa, idonsa ya tafi, da hannu yake gani. Ya shafa masarar ɗaya bayan ɗaya. Babban ɗansa Kombate, mai aikin gini, yana tsaye a bayansa, shi ya fara magana.

"Baba, ƙasar nan ta mutu. Gari yana matsowa. A bar ni in buga bulo a wurin, ko ba komai za ta yi amfani."

Tsohon ya juyo wajen Malam, da Hausarsa ta kasuwa wadda mace da namiji duk ɗaya ne a cikinta.

"Ɗan abokina, na ba ubanka ƙasa don ya ci. In ƙasa ba ya ciyar da ku, ba ni da bakin hana yarana. Baɗi in kwando bai cika da masara na gaske ba, kada ku ji haushina."

Muka dawo gida. Ni dai raina ya ɓaci ƙwarai, don ba masara kaɗai zan rasa ba, amanar surukata ce za ta suɓuce a hannuna.

Safiya lokacin tana Sokode gidan yayana, Kawunku Sani, ta gama karatun aikin gona tana aiki da wata ƙungiyar manoma. Na kira ta a waya ina faɗa kamar ita ta kashe ƙasar. Ta bari na gama, sannan ta ce kada in ƙara sayen taki tukuna. Ta ce in roƙi Baba ya riƙa tara mini abin da ake zubarwa daga tumbin shanu a mayanka, in haɗa da karan masara da toka a rami, in riƙa yayyafa ruwa ina juyawa har rani ya wuce. Malam ya yi ta mita, wai a tsufansa an mai da shi mai kwasar kashi, amma kullum sai ga yaransa da bokitai. Kafin bazara abin ya zama baƙi, ya daina wari, har tanar ƙasa ta shiga cikinsa. Muka kwashe a moto, wato babur, mai ƙafa uku muka baza a gonar daga sama har ƙasa.

Da bazara na tafi Sokode suna. Kun san can ruwa yana riga namu sauka, lokacin da mu muke kallon sama su masararsu ta kai gwiwa. Washegarin suna Safiya ta ɗauke ni a bayan motonta, ni da ƙaton jikina, ta kai ni wata gona a bayan gari. Ta tuge masara biyu, ɗaya daga nan ɗaya daga can, ta kaɗe ƙasar ta miƙo mini. Ta farko saiwarta 'yar kaɗan. Ta biyu kuwa saiwa cunkus kamar gemun Kawunku, ƙasa ta manne a jiki. Ta ce iri ɗaya ne, taki ɗaya, rana ɗaya aka shuka, bambancin kawai an shafa wa irin ta biyu wani gari kafin a binne. Ta fito da ƙunshin daga jakarta, leda ce mai sanyi, abin ciki baƙi kamar garin gawayi. Na ce maganin mene ne.

"Ba magani ba ne, Mma. Masu rai ne, ƙanana, ido ba ya ganinsu. Suna zama a jikin saiwa, su sa ta yaɗu, su jawo mata abinci daga iska da ƙasa."

"Ke Safiya, ni za ki yi wa tatsuniya?"

"Mma, in kin jiƙa masara kin niƙa kin tace, me ke sa gasarar ta yi tsami kafin safe?"

"Kwana."

"Ba kwana ba ne, irinsu ne. Tun kafin a haife ni kike kiwonsu a tukunyarki, ba ki dai san sunansu ba."

Na tsaya da saiwa a hannu, sai dariya ta kama ni, don na san tukunyar da aka wanke da ruwan zafi ba ta ba da tsami mai daɗi, kuma na san ruwan tsamin jiya shi ke tayar da na yau. Daga nan ban ƙara gardama ba. Ta ja mini kunne a kan abu ɗaya, ta maimaita har na ce ta ishe ni. Zafi yana kashe su, rana tana kashe su. A ajiye su wuri mai sanyi, ran shuka a dama da ruwan sikari a cakuɗa da iri, a baza a inuwa ya sha iska kaɗan, a binne a ranar. Na naɗe ƙunshin a jiƙaƙƙen zane na sa a kular abinci, na rungume ta tun daga Sokode har Dapaong. A gida na haƙa rami a gindin randa na ajiye.

Yanzu ku tuna wane ne Babanku. Mutum ne da tun yana saurayi 'yan duba-gari suke zuwa rumfarsa suna karanta masa cewa mikrob, wato ƙwayar cuta, shi ne abokin gabar mahauci. Duk sana'arsa yaƙi ce da danshi. A wurinsa abu mai laima da aka bari a inuwa ya kama hanyar ruɓewa, kuma maganin kowace ɓarna a duniya shi ne gishiri da rana. Har tabarmar da aka yi mata fitsari, har littafin da ruwa ya taɓa, har ku kanku in kuna mura, rana yake kai ku. Da na ce masa abin da ke gindin randa mikrob ne, sai da ya ja da baya.

"Azumi, mikrob kika ɗauko tun daga Sokode kika ajiye kusa da ruwan da muke sha?"

"Na kirki ne, Malam."

"Akwai na kirki?"

"Kamar mahauta ne, ana samu jefi-jefi."

Ya yi dariya ya fita. Na yi masa bayanin saiwa, na yi masa na gasara, amma maganar inuwa ban yi masa ba, don ban ga abin da zai haɗa shi da irin ba. Shi ma bai tambaya ba.

Ruwan shuka ya sauka, mai kyau, har ƙasa ta yi ƙamshi. Da sassafe na aika wa matan Naki da ke taya ni shuka cewa ina tafe. Na dama garin da ruwan sikari, na cakuɗa da irin duka har kowace ƙwaya ta yi baƙi, na baza a tabarma cikin zaure inda rana ba ta leƙawa, na fita neman moto mai ƙafa uku. Ranar kowa gona yake so ya tafi, motocin duk an kama, na yi ta yawo daga wannan tasha zuwa waccan har rana ta take. Da na dawo zaure wayam. Na shiga tsakar gida ina kiran sunan Allah, sai na ɗaga kai. Ga irina can a kan gadon kilishi, a bisa asabari, an baza shi ƙwaya-ƙwaya yadda babu wadda ta hau wata, irin bazawar da gwani kaɗai ke iyawa. Ga Babanku a gefe da mafici yana korar ƙuda, fuskarsa cike da jin daɗi.

"Kin bar shi a jiƙe cikin zaure, da ya yi funfuna. Taɓa ki ji, ya bushe ƙarau. Har juya shi na yi."

Na taɓa. Zafi kamar an sauke daga kasko. Na zauna a kan turmi. Mutumin nan ya bar naman da yake yankawa ya zo ya taimake ni, abin da bai taɓa yi wa gonar ba tunda aka kawo ni gidan. Da ƙyar na ce masa, "Malam, ka kashe su." Ya dubi irin, ya dube ni, maficin ya tsaya a hannunsa. Na kira Safiya na sa wayar a tsakaninmu. Ta ce irin kansa zai tsiro, amma masu ran sun tafi. Ta ce akwai ƙunshi ɗaya da ya rage mata a firji, sai dai ba za ta iya barin manomanta a tsakiyar aiki ba, in kuma ta ba 'yan mota za su jefa shi saman kaya ya sha rana tun daga can.

A nan ne shawara ta faɗo kaina. Ƙasa a jiƙe take, mata suna jira, kuma duk manomi ya san ruwan farko ba ya dawowa. In na shuka duka yau, na shuka abin da na saba shukawa, wanda ya kusa raba ni da gonar. In na jira, ban san ran da wani ruwan zai zo ba, kuma Kombate yana kallo. Na raba irin biyu. Na ce rabin gonar na gangare za a shuka yau da gasasshen irin Malam, rabin na tudu, wanda ya fi lalacewa, wanda ke daidai ƙofar Lamboni, zai jira. Kafin in gama magana Babanku ya shiga ɗaki ya fito da glasiye, akwatin sanyin da yake kai nama Sinkase a ciki, ya hau wanke ta da sabulu.

"Ina za ka? Gobe kasuwar Sinkase ce."

"Sinkase ta ci ba ni. Ni na kashe su, ni zan ɗauko 'yan'uwansu."

Wannan mutumin da ko ranar da aka haifi yayanku bai fasa kasuwar Sinkase ba, shi ne ya bar nama a hannun yara ya hau motar Sokode. Labarin dawowarsa kuwa na ji shi daga bakinsa, na ji daga bakin Safiya, na kuma ji daga wata mata 'yar Mango da suka zauna tare, wadda har yau in ta gan ni sai ta riƙe ciki. Yaron mota ya ce a ɗora glasiye a sama, Malam ya ce sai dai a ɗora shi tare da ita. Ƙarshe kujera ya kama mata kusa da shi, ya cire rawaninsa ya jiƙa ya lulluɓe ta, in rana ta juyo ta tagar nan sai ya roƙi mutane a yi musanyar wuri. A Kara da aka tsaya cin abinci, shi bai ci ba, yana tsaye da lema a kanta. A wani shinge jandarma ya tambaye shi me ke ciki, ya ce masu rai ne. Mutumin ya buɗe a hankali yana jiran kaji su tashi, sai ya ga leda ɗaya a kan ƙanƙara. Ya ce su nawa ne a ciki. Malam ya ce 'yarsa ta ce sun fi mutanen Togo yawa, kuma don Allah a rufe, rana tana shiga.

Ya iso da su lafiya, amma ruwa ya ƙi zuwa. Gangare ya tsiro ya yi kore, tudu yana nan tsirara a gaban kowa. Matan Naki suka fara yi mini jaje tun ban mutu ba. Wata safiya na je na tarar an juye tulin yashi a bakin gonar, daidai inda ban shuka ba. Kombate bai ce mini komai ba, ya gaishe ni da ladabi kamar kullum, amma na gane karatun. Kwanakin nan ban ci abinci da daɗi ba. Malam kuwa kullum sai ya sayo ƙanƙara, ya leƙa glasiye ya rufe da sauri, har na ji shi wata rana yana ce musu su yi haƙuri.

Da ruwa ya dawo, tare muka tafi Naki, karo na farko da ya taka gonar ba don kai kwando ba. A gindin tsamiya muka dama, shi ya cakuɗa da hannunsa, irin cakuɗar da yake yi wa nama da labun kilishi, babu ƙwayar da ta tsira. Mata suna sara suna jefawa, shi yana biye da babbar riga yana binnewa da diddige, yana faɗa wai a yi sauri rana tana ganinsu. Matan suka yi ta dariya har ɗaya ta zauna a kunya. Daga ranar suka sa masa suna Mai Inuwa, kuma har ya rasu haka ake kiransa a Naki.

Bayan an yi noman farko Safiya ta ce in daka ɗanyen zogale in tace, in tsarma da ruwa mai yawa, in fesa wa ganyen da yamma, wai yana ƙarfafa shuka kamar yadda kunun kanwa ke yi wa mai jego. Na fesa wa gonar duka, har da ɗan takin zamani kaɗan da ta yarda in sa. Maƙwabta suka ce Azumi ta fara yi wa masara miya, saura tuwo. Na ce in ta nuna kada wanda ya zo roƙon gasawa.

Tsakiyar damina ruwa ya ɗauke. Masarar gangare, wadda ta riga fid da kai, ta naɗe ganye kamar albasa tun hantsi. Ta tudu kuwa, ƙanwarta, tana tsaye kore shar har azahar, sai can ta ɗan sunkuya, da yamma ta miƙe. Ba zan yi muku ƙarya in ce masu ran nan kaɗai suka yi ba. Safiya da kanta ta ce takin tumbi ya ba su abin ci, kuma jinkirin shukar ya sa farin bai same ta tana goyo ba. Amma ni na tuge ɗaya a nan ɗaya a can kamar yadda ta nuna mini, na ga gemun Kawunku da idona a ƙasar da na ɗauka ta mutu. Ina tsugune sai na ji mutum a bayana. Kombate ne. Ya karɓi saiwar ya juya ta, ya murza ƙasar ya sansana, ya mayar mini ya tafi. Bai ƙara kawo yashi ba, wanda ya kawo ɗin ma jikokinsa ke wasa a kai.

Da kaka kwando ya zo. Gangare ya ba da abin da ya saba bayarwa, ko ya ɗan fi. Tudu kuwa, ban gama layi kaɗan ba kwandon ya cika ya yi tozo, masara kamar damtsen Malam, ƙwaya har baki. Na tsaya a tsakiyar gonar na yi guɗa ni kaɗai kamar an kawo amarya, daɗi ya cika ni har hawaye. Malam ya yanka ragon da ya fi kowanne, ya ce babu yaron da zai ɗaukar masa kwandon. Da kansa ya kinkima, da tsufansa, yana nishi, har gindin tsamiya inda Lamboni ke zaune a kujerarsa ta katako, 'ya'yansa a kewaye.

Tsohon ya sa hannu ya ɗauki ɗaya. Ya auna ta da tafinsa, bai rufe ta ba. Ya zura hannu har ƙasan kwando ya zaro wata, ya ji daidai take da ta sama. Sai ya ce a kawo masa ƙasar gonar. Kombate da kansa ya je ya ɗebo. Ya sansana, ya ɗan taɓa a harshe, sannan ya yi dariya har muka ga dasashinsa.

"Ƙasa ya tashi. Kombate, ka nemi wani wuri ka buga bulo."

Kombate ya ce ya riga ya nema. Aka yi dariya, aka kawo ruwa muka sha. Na ɗauka an gama, sai tsohon ya ɗaga hannu.

"Ɗan abokina, aro yana bin mutum, ba ya bin gida. Ubanka ya tafi, na kira sunanka. Yanzu ni ne a bakin hanya, kai ma ba yaro ba ne. Faɗa mini sunan da zan bar wa yarana."

To ku buɗe kunne, don nan ne wurin da ake yi mini ƙarya. Ba mu taɓa yin wannan magana da Malam ba, ko sau ɗaya, don babu wanda ya san tsohon zai yi tambayar. Ni da aka bar ni, yayanku zan ce, don shi ne babba kuma haka aka saba. Har na buɗe baki, sai sunan ɗan fari, wanda ban taɓa kira ba tunda na haife shi, ya tsaya mini a wuya a gaban mutane. Kafin in nemo wata hanyar faɗa, Babanku ya riga ni.

"Safiya."

Lamboni ya ce, "Wannan ba shi ne ƙaramin ba? Mace?"

"Ita ce. Baba, ni ɗin nan da kake gani, da kyakkyawar niyya na kusa raba mu da ƙasarka, don ban san akwai mai rai a cikinta ba. Mazan nawa duk irina ne, nama suka sani da mota. Uwarsu ta riƙe gonar har ta tsufa a kanta. Wadda ta san abin da ke numfashi a ciki ita ya kamata ta karɓa, kuma duk wanda ya ji yunwa a cikinsu ba za ta hana shi ba."

Tsohon ya kira 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya maimaita sunan, har Kombate. A nan gindin tsamiyar na kira ta a waya na faɗa mata. Ta fashe da kuka, ni ma na taya ta. Babanku ya karɓe wayar daga hannuna.

"Ke, daina kuka. Ki ajiye mana ƙunshin baɗi, har da na Kombate, ga shi nan yana ta kewaye-kewaye ya kasa tambaya. Kuma kada ki ba 'yan mota, zan zo da kaina."

Ya kuwa je. Kowace shekara in hadari ya fara haɗuwa a gabas sai ya wanke glasiye ya hau motar Sokode, har ƙafa ta gagare shi. Rumfar nan da ke kusa da gadon kilishi, wadda kuke ɗaure motocinku a ciki, ba don ku ya kafa ta ba, don iri ya kafa. Kuma tun daga shekarar babu gidan ɗayanku da buhun masarar Naki bai shiga ba, ku tambayi matan naku da kuke ba labari.

Wannan shi ne abin da ya faru, kuma Kombate yana da rai, wanda bai yarda ba ya je ya tambaye shi. Bana Safiya tana da tsohon ciki, ba za ta iya hawa mota ta kawo mana ƙunshin ba, damina kuma ta ƙarato. Glasiyen tana ƙarƙashin gadona, na wanke ta, rawanin ma yana ciki. Wanda ya fi kowa yawan magana a kan gonar nan ya zo ya ɗauka, ya hau motar Sokode.